Kuɗin Kwano da Kuɗin Kujera

A shekarar 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bi diddigin yadda gidajen Najeriya ke kashe kuɗinsu. Jimillar abin da aka kashe a wannan shekara ta haura naira tiriliyan 40, kuma fiye da rabi, wato kashi 56 cikin ɗari da 'yan kai, a kan abinci ya tafi. Babu mamaki a nan. Abin da zai sa mutum ya sake duba lissafin shi ne, a cikin kuɗin abincin, wanda ya zo na ɗaya ba shinkafa ba ce, ba doya da rogo ba, ba kuma gero da dawa ba. Abincin da aka ci a wajen gida ne, da kimanin naira tiriliyan 4.6, kusan ɗaya bisa biyar na duk abin da aka kashe wa ciki.

Saboda haka tambayar da ake yawan yi tun da rayuwa ta yi tsada, ko cin abinci a waje da fita shaƙatawa kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, ba tambayar 'yan gayu kaɗai ba ce. Ta shafi direban Adaidaita Sahu da ke karyawa da koko da ƙosai a bakin titi, da ɗan kasuwar Kwari da ake kawo wa shinkafa da miya har rumfa, da ɗalibar da ke sayen awara a ƙofar makaranta, kamar yadda ta shafi mai gidan da ke ɗaukar iyalinsa ranar Lahadi su je inda ake kunna na'urar sanyaya ɗaki. Duk sunansu masu ci a waje, amma ba abu ɗaya suke saye ba, kuma tsadar ba ta hanya ɗaya ta same su ba.

Sayen dafaffen abinci tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa. Baturiyar nan mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira abin da ta gani da suna ɓoyayyen ciniki: mata suna cikin kulle, amma suna dama fura, suna toya ƙosai, suna yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yara suna fita da talla, kuɗi yana zagayawa tsakanin gidaje ba tare da an taka kasuwa ba. A gidaje da yawa tuwon dare ne kawai girkin da ya zama wajibi. Kalaci da abincin rana sau da yawa saye ake yi, daga maƙwabciya ko daga 'yar talla. Ga kuma fatake da 'yan ci-rani, waɗanda ba su da murhu a garin da suka sauka. Abin da zamani ya ƙaro shi ne gidan abinci mai kujeru da takardar jerin abinci da ma'aikata masu inifom, inda zaman kansa yake cikin abin da ake biya.

Yanzu ga abin da ya faru da farashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki ga 'yan rukunin da ake kira Band A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Man dizal kuwa ya riga ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, ta dukkan kayayyaki kuma ta kai kashi 34.8 a Disamba.

Gidan abinci wuri ne da duk waɗannan suke haɗuwa a kan faranti ɗaya. Shinkafa da tumatir da albasa mota ce ta kawo su daga kasuwar Dawanau ko ta 'Yan Kaba, motar kuma mai take sha. Fulawar burodi da taliya da indomi daga alkama take, kuma mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita da dala. Kazar gidan gona masara da waken suya take ci. Naman tsire da balangu ya taɓu ta fuska biyu: satar shanu da rashin tsaro a Zamfara da Katsina da Sakkwato, da kuma rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya kawo cikas ga shigowar dabbobi ta kasuwanni irin su Maigatari da Illela har zuwa Maris ɗin 2024. Sannan ga iskar gas ko gawayi na girki, ga janareta da ke riƙe da firji, ga ledar ƙulli da robar zuba abinci waɗanda su ma daga ɗanyen mai ake yin su. Uwar gida ma tana fama da yawancin waɗannan. Bambancin yana cikin abin da mai gidan abinci ke biya wanda ita ba ta biya.

Masu lissafin kasuwanci sukan raba abin da ake kashewa gida biyu. Akwai kuɗin da ke bin ciniki: in an sayar da faranti ɗari, an dafa shinkafar faranti ɗari, in an sayar da talatin, ta talatin aka dafa. Akwai kuma kuɗin da za mu iya kira kuɗin tsaye, domin yana nan tsaye ko an yi ciniki ko ba a yi ba: hayar shago, albashin ma'aikata, mai gadi, man janareta, harajin ƙaramar hukuma da na jiha. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta san mutum nawa ke zaune ba. Mai gidan abinci yana raba wannan kuɗin tsaye ne a kan yawan farantan da ya sayar. A ce, don misali kawai, kuɗin tsayensa na rana naira 60,000 ne. In ya sayar da faranti 200, kowanne ya ɗauki naira 300. In masu zuwa suka ragu ya koma sayar da 100, kowanne ya ɗauki 600, alhali ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba a ƙara ba.

Daga nan ake fahimtar wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. An saba jin cewa idan masu saye suka ragu, farashi ya kamata ya sauka. A kasuwar tumatir haka ne, domin tumatir ba ya jira. A gidan abinci mai kujeru kuwa raguwar masu zuwa tana iya tura farashi sama: tsada ta kori wasu, waɗanda suka rage suka ɗauki nauyin kujerun da babu kowa a kansu, farashi ya ƙara hawa, ya ƙara korar wasu. Wanda ba zai iya jure wannan zagaye ba sai ya rufe. Mai ƙosai a bakin hanya kuɗin tsayenta kaɗan ne ƙwarai. Jarinta kasko da matsami da benci. Shi ya sa farashinta ke bin farashin wake da mai kusan sau da ƙafa, ba ya ɗauke da wani kaya na daban.

Haraji ma ya bambanta su. Tun Fabrairun 2020 harajin kayayyaki na VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne. An keɓe ɗanyen abinci na yau da kullum daga wannan haraji, amma da zarar an dafa an kawo a teburin otal ko babban gidan abinci, ya shiga. A Legas akwai ƙarin kashi 5 na jiha a kan abin da aka ci a otal-otal da gidajen abinci, wasu wuraren kuma suna ɗora nasu kuɗin hidima. Ƙananan masu sana'a da cinikinsu bai kai wani mizani ba doka ba ta ɗora musu karɓar VAT ba. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu wurare kuɗin da ke ƙasan rasit yake fin wanda aka gani a jerin abinci.

A Ingila da Amurka ma an yi wannan kuka bayan annobar korona, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Amurka a Yunin 2022, da 11.1 a Birtaniya a Oktobar wannan shekara. Sai dai tushen nasu ya ɗan bambanta. Can abin da ya fi yi wa gidan abinci nauyi shi ne ladan ma'aikata. Masana biyu, William Baumol da William Bowen, sun bayyana dalilin tun 1966 a nazarinsu kan masu kiɗa da wasan kwaikwayo. Masana'anta tana iya sayen inji ta ninka abin da ma'aikaci ɗaya ke ƙerawa, amma kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu har gobe mutum huɗu yake bukata, kuma ba a gaggauta shi. Duk da haka dole a ƙara wa makaɗan albashi, in ba haka ba su koma masana'anta. Don haka duk wata hidima da hannun mutum ke yi, aski ne, girki ne, wasa ne, tsadarta takan riƙa wuce ta kayan inji a hankali. Wannan bayani ya fi dacewa da ƙasashen da albashi ke hawa. A Najeriya yaron da ke kawo faranti ba shi ne ya sa abinci tsada ba. Albashinsa na cikin abubuwan da suka fi jinkirin motsi. Nauyin a nan yana wuyan mai da wuta da dala.

Akwai kuma tsadar da ba a rubuta ta. Mai sayarwa ya san cewa mutane sun fi lura da kuɗi fiye da girma, musamman inda aka saba da farashi mai zagaye kamar naira 100 ko 500. Maimakon ya ƙara kuɗi sai ya rage kaya. Ƙosai ya ƙanƙance, tsinken tsire ya yi rama, yankan nama biyu ya koma ɗaya, madara a shayi ta zama ta gari mai araha, man gyaɗa ya ba da wuri ga wani mai. Ba lallai ha'inci ba ne. Mai sana'a yana ƙoƙarin riƙe abokin cinikin da kuɗin aljihunsa bai ƙaru ba. Amma ga wanda ke son sanin nawa abinci ya tashi, ya kamata ya tambayi kansa ko abin da ke ƙosar da shi a da yana ƙosar da shi yanzu.

Wata tambaya da ake yi: ai an ce hauhawar farashi ta sauka, me ya sa faranti bai sauka ba? Abu biyu ne ke cakuɗe a nan. Na farko, alƙaluman hauhawa saurin tashin farashi suke aunawa, ba farashin kansa ba. In suka sauka daga 34 zuwa 24, ma'anarsa kaya suna ci gaba da tashi amma da sassauci. Kuma faɗuwar da aka gani a Janairun 2025, zuwa kashi 24.48, babban ɓangarenta daga sabunta ma'auni ne, domin Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take kwatantawa da ita da kuma jerin kayan da take aunawa. Na biyu, ko lokacin da hatsi ya sauka da gaske, kamar yadda masara da shinkafa suka yi a kasuwannin Arewa cikin 2025, ɗanyen abinci wani yanki ne kawai na kuɗin faranti. Haya ba ta sauka ba, wuta ba ta sauka ba. Mai gidan abinci da ya daɗe yana cin asara yana so ya farfaɗo, kuma yana tsoron ya rage yau kaya su sake tashi gobe, ya koma yana ba abokan ciniki haƙuri. Farashin dafaffen abinci ya fi saurin hawa fiye da sauka kusan ko'ina a duniya.

To, da wannan duka, shin dafawa a gida ba ta fi ba? Amsar tana rataye da yawan bakin da za a ciyar. Ɗauki wake. Wutar da za ta dafa gwangwani ɗaya kusan ita ce za ta dafa gwangwani huɗu, lokacin ma kusan ɗaya ne. Mai garau-garau da ke dafa kwano goma a tukunya guda tana sayen wake da shinkafa a farashin sari, tana raba kuɗin itace a kan mutum hamsin. Wannan shi masana ke nufi da rangwamen yawa: duk sadda aka yi abu da yawa lokaci guda, kuɗin kowane ɗaya yana raguwa. Tuzuru ko ɗan ci-rani da zai kunna risho don cikinsa kaɗai, ya sayi mai na ƙulli da magi ɗaiɗai da tattasai na naira ɗari biyu, ga rashin firjin da zai ajiye saura, sau da yawa zai tarar saye ya fi masa sauƙi, ballantana a lissafa sa'ar aikin da ya bari. A gidan mutum takwas lissafin yakan juye. Rangwamen yawa ya dawo cikin gida, tukunyar uwar gida ta zama ita ce babbar tukunya, kuma babu haya ko riba a kanta. Sai dai a faɗi gaskiya, arahar girkin gida tana da wani sirri: ba a biyan mai girkin. Awannin da mace ke yi tsakanin daka da wanke-wanke ba sa shiga kuɗin cefane, amma wani ne ke bayar da su.

Nishaɗi ma da irin wannan ƙa'ida yake tafiya, kuma gidan kallon ƙwallo shi ne misali mafi bayyana. Kamfanin MultiChoice mai DStv da GOtv yana sayen izinin nuna gasar Firimiya da ta Zakarun Turai da kuɗin waje, yana karɓar naira. Da naira ta faɗi, ya ƙara kuɗi sau biyu a 2023, ya sake a Mayun 2024, ya kuma sake a Maris ɗin 2025, kuma bisa rahoton kamfanin da kansa ya rasa masu biya fiye da miliyan ɗaya a Najeriya cikin shekara biyu. Mutanen nan ba su daina son ƙwallo ba. Wasu sun koma waya, ko da yake a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wasu sun koma gidan kallo, inda ake raba kuɗin tauraron ɗan'adam da man janareta a kan kawuna sittin ko ɗari. Mai gidan kallo ya ƙara kuɗin shiga, amma har yanzu shi ne hanya mafi araha ta ganin wasa a babban allo, ga ihu da gardama kyauta, waɗanda a wajen mutane da yawa su ne rabin daɗin.

A sauran wuraren shaƙatawa, kuɗin ƙofa ba shi ne babban abu ba. Gidan Zoo na Audu Bako a Kano ko wurin wasan yara kuɗin shigarsu ba ya karya mutum. Abin da ke tara kuɗin shi ne kai iyali da dawo da su, da lemo da askirim da lilo da hoto, waɗanda ba a sa su a lissafi lokacin fitowa daga gida. Tafiya mai nisa kamar zuwa Yankari a Jihar Bauchi don ganin giwaye da wanka a ruwan Wikki, yanzu man mota da masauki ne ke yanke hukunci a kanta. Wuraren nan kuma da kuɗin tsaye suke fama: giwa da zakin gidan zoo suna ci kullum, ko an zo kallonsu ko ba a zo ba.

Wannan ke nan game da abin da ake biya. Saura abin da ake samu, wanda ya fi wuyar aunawa.

Ma'auni mafi gaskiya ba naira ba ce, lokacin aiki ne. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, wato ya ninka sau biyu da ɗoriya. A tsakanin waɗannan shekaru litar fetur ta tashi daga naira 145 zuwa sama da 1,000, kusan ninki bakwai. In aka raba 70,000 a kan kwanakin aiki 22, ana samun naira 3,200 ba kaɗan a rana. Ke nan farantin naira 3,000 guminsa ne na yini guda ga mai wannan albashi, ga mai karɓar 700,000 kuwa bai kai aikin sa'a ɗaya ba. Faranti ɗaya ne, amma ba farashi ɗaya suka biya ba. Wani Bajamushe mai suna Ernst Engel ya lura tun 1857 cewa iya talaucin gida iya girman kason da abinci ke ci daga kuɗin shigarsa. Gidan da abinci ke cinye kashi 70 na samunsa, in abinci ya tashi da kashi 40, babu sauran abin da zai rage sai nishaɗi da magani da makaranta. Gidan da abinci ke cin kashi 15 zai ji a jikinsa, amma ba zai fasa fita ba.

Ma'auni na biyu shi ne abin da aka bari. Duk nairar da ta tafi wani wuri, akwai inda ba ta je ba, kuma ainihin tsadar abu ita ce mafi kyawun abin da aka haƙura da shi don a same shi. Fitar naira 25,000 ga wani ragi ce daga ajiyar banki, ga wani kuɗin zangon karatun ɗiyarsa ne, ga wani zubin adashi ne da zai shiga bashi ya cike. Na uku kuma shi ne sabo. Daɗin abu yana raguwa da maimaici: tsiren da ake ci sau ɗaya a wata biki ne, wanda ake ci kowane dare ya zama cefane. Saboda wannan, mutumin da ya rage fita daga sau huɗu a wata zuwa sau ɗaya ya rage kashe kuɗi da kashi 75, amma daɗin da ya rasa bai kai haka ba, domin fitar da ta rage ta ƙara armashi.

Masana halayyar ɗan'adam sun ɗan leƙa wannan batu. A 2003 Leaf Van Boven da Thomas Gilovich sun wallafa binciken da ya nuna cewa mutane sun fi jin daɗin kuɗin da suka kashe wajen yin wani abu, kamar tafiya ko cin abinci da abokai, fiye da wanda suka kashe wajen mallakar kaya. Dalilan da ake bayarwa masu ma'ana ne: kaya ana sabawa da shi, ana kwatanta shi da na wani, amma fita tana zama labari, kuma da mutane ake yin ta. Ana yawan ambaton wannan sakamako, ba a cika ambaton wanda ya biyo baya ba. Wani bincike a 2018 ya gano cewa wannan fifiko a wajen masu hali yake bayyana. Masu ƙaramin ƙarfi jin daɗinsu daga kayan da suka saya bai gaza na fita ba, wani lokaci ma ya fi. Wanda takalmin ɗansa ya tsinke ba ya bukatar masani ya gaya masa dalili.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. A wani bincike da suka wallafa a 1985, Hal Arkes da Catherine Blumer sun sayar da tikitin kallon wasan kwaikwayo na kaka guda a wata jami'a a Ohayo, wasu a cikakken farashi, wasu da rangwame ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi halartar wasannin farko, ba don sun fi so ba, sai don kada kuɗinsu ya tafi a banza. Kuɗin da ya riga ya fita yana jan mutum ya ƙara wani a kai. Haka mai gida zai ce tunda an riga an sha mai an zo, bari a yi ta gaba ɗaya, sai fitar dubu goma ta koma ta dubu talatin.

Sannan ba duk fita ba ce don nishaɗi. Wata don fita kunya ce. Saurayin da ke kai budurwa wurin shan askirim, da magidancin da 'ya'yansa suka ga na maƙwabta sun tafi yawon sallah, da matar da ƙawayenta ke ɗora hotunan faranti a Instagram da TikTok, dukkansu suna sayen wani abu da ba ya cikin jerin abinci. Ba abin raini ba ne, domin mutunci a idon jama'a bukata ce ta gaske. Amma shi ne ɓangaren da tsada ta fi cutarwa, saboda ba a iya rage shi a ɓoye, kuma shi ne ya fi kai mutane ga rancen manhajojin waya masu ruwa mai nauyi.

In aka jera waɗannan, ra'ayina shi ne tambayar tana da amsa, amma sai an raba ta. Abincin bakin titi da na buka, ga mai aiki nesa da gida ko mai zaman kansa, har yanzu yana biyan kuɗinsa, kuma sau da yawa shi ne zaɓi mafi araha, in dai an kula da tsabta, domin ciwon ciki ɗaya yana iya cinye ribar wata guda. Gidan kallo da filin ƙwallo da dambe ma haka, saboda taro ne ke ɗaukar nauyinsu. Babban gidan abinci kuwa, in yunwa ce ta kai mutum, ya yi asara, domin babban kason kuɗinsa kujera da sanyi da haske ya saya. In kuwa kujerar ce bukatarsa, wurin da zai zauna da baƙo a ƙulla ciniki, ko inda miji da mata za su yi hira babu hayaniyar gida, ko ranar da uwar gida za ta huta da murhu, to abin da ya biya ya samu, matuƙar daga rara ya biya ba daga bashi ba.

Ya kamata a tuna kuma cewa mafi yawan nishaɗin Bahaushe tun asali ba na tikiti ba ne. Majalisar ƙofar gida, da dara a gindin bishiya, da ziyarar dangi, da kallon hawan sallah, da ciyayya inda maƙwabta ke fito da kwanukansu a haɗa a ci tare, duk suna ba da ɗaya daga cikin abubuwan da binciken 2003 ya ce suna sa fita daɗi, wato zama da mutane. Tsada ta taɓa su ma, ta kuɗin mota da ta abin da za a sauki baƙo da shi, amma ba su ɗauke da haya ko janareta. Inda suke raguwa, musamman a sababbin unguwannin birni masu doguwar katanga, dalilin ya fi kama da sauyin zama fiye da farashi, kuma wannan giɓi ne gidajen abinci da wuraren shaƙatawa suke cikewa da kuɗi.

Ɗaya ɓangaren da mai saye ba ya gani shi ne inda kuɗinsa ke sauka. A ƙasan wannan sana'a mata ne suka fi yawa, masu waina da ɗanwake da awara da fura, waɗanda ribar kaskonsu ke biyan kuɗin makarantar Islamiyya da kayan ɗakin 'ya'ya. Idan ma'aikaci ya sauko daga gidan abinci mai sanyi zuwa buka, su suke samu. Idan mai zuwa buka ya koma cin abinci sau biyu a rana maimakon uku, su suke rasawa, kuma ba su da rarar da za su jira kasuwa ta gyaru. Jarin mai awara na gobe daga cinikin yau yake fitowa, don haka kwana uku na rashin ciniki ko tashin mudun waken suya sau ɗaya ya isa ya sa ta kife kasko.